Carlos Vecchio: a raba gudun hijirarsa da jakadancinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, tare da duk ma'aikatan wannan jarida da muke karantawa ta waya a nan Kumasi, mu kuma tura wa juna a zaurukan WhatsApp. Sharhin da kuka buga kan Benezuwela ne ya sa na rubuto, musamman wurin da mai sharhin ya yi wa 'yan adawar ƙasar mazauna waje kuɗin goro, ya ce matsorata ne da suka tsere suka bar talakawa cikin wuta, suka je suka zama 'yan amshin shatan Amurka. Ya kafa misali da Carlos Vecchio, lauyan nan da ya zama jakadan Juan Guaidó, madugun adawar da ya ayyana kansa shugaban riƙo, a Washinton. Maganar ta haɗa abu biyu da bai kamata a haɗa ba. Fitar Vecchio daga ƙasarsa daban, abin da ya yi da kujerar jakada daban. A na farko an zalunce shi a sharhin. A na biyu kuwa ni ma ina da ƙorafi a kansa, wataƙila ma nawa ya fi na mai sharhin nauyi.

Ni tsohon tafintan kotu ne. A tsaye na yi aikina gefen akwatin wanda ake tuhuma, ina juya magana daga Turanci zuwa Hausa ko Tonanci, ina mayar da amsa. Saboda haka in na ji an ce an ba da sammacin kama wane, nakan tambayi wa ya sa hannu, wa ya kai masa takardar, me kuma ke jiran mutumin in ya shiga hannu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, an haifi Vecchio a 1969 a Caripe, wani ƙaramin garin manoman gahawa a tsaunukan jihar Monagas da ke gabashin Benezuwela. Ya karanta aikin lauya a babbar jami'ar ƙasar da ke Karakas, ya ƙaro ilimi a Georgetown da Harvard a Amurka, ya ƙware a dokokin haraji. Ya yi aiki a harkar mai, har da reshen ExxonMobil na ƙasarsa, kamfanin da ya yi baram-baram da gwamnatin Hugo Chávez lokacin da ta karɓe ayyukansa a 2007. Har yau magoya bayan Chávez ba su daina yi masa gori da wannan ba. Ni dai ban ɗauki aiki a kamfanin mai laifi ba; 'ya'yanmu nawa ke neman irinsa a Takoradi tun da aka fara haƙo mai a rijiyar Jubilee a 2010? Amma wanda ya fito daga wannan gida, sa'annan ya zo yana magana da yawun ƙasar da ta fi kowace ƙasa ajiyar mai a duniya, ganga wajen biliyan 300, dole ya san ido na kansa, kuma jama'a na da haƙƙin sa masa idon.

A 2009 shi da Leopoldo López, tsohon magajin garin Chacao a Karakas, da wasu abokansu suka kafa jam'iyyar Voluntad Popular, Vecchio ya zama mai tsara harkokin siyasarta. Chávez ya rasu a Maris 2013, Nicolás Maduro ya gaje shi da ƙyar, da ratar da ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba. Ranar 12 ga Fabrairun 2014 ɗalibai da 'yan adawa suka fito zanga-zanga kan tsadar rayuwa, ƙarancin kaya a kasuwa da yawan kisan kai. Ranar aka kashe mutum uku, kafin ƙura ta lafa bayan watanni an rasa rayuka 43, har da magoya bayan gwamnati da jami'an tsaro. Gwamnati ta ɗora alhakin a kan López da Vecchio, aka tuhume su da tunzura jama'a, ƙone-ƙone, ɓarnata dukiya da haɗa baki. López ya miƙa kansa ranar 18 ga wata a gaban dubban magoya bayansa, aka wuce da shi kurkukun soja na Ramo Verde. Vecchio ya shiga ɓuya fiye da wata uku, sai a watan Yuni ya ɓulla a New York.

To nan ne ake cewa tsoro. Sai a duba abin da ya sami wanda ya tsaya. A Satumbar 2015 aka yanke wa López shekara 13 da wata 9. Wata guda bayan nan, Franklin Nieves, ɗaya daga cikin masu gabatar da ƙarar, ya tsere Amurka da iyalinsa, ya fito fili ya ce da hujjojin ƙarya aka yi shari'ar, kuma daga sama aka matsa musu. Alƙaliyar da ta sa hannu a sammacin kama López, Ralenis Tovar, ita ma a Kanada ta ƙare tana neman mafaka. Ta ce cikin tsoro ta sa hannun, don ta san abin da ya sami María Lourdes Afiuni, alƙaliyar da aka ɗaure a 2009 saboda ta saki wani da Chávez ba ya so a saka. In mai gabatar da ƙara ya gudu daga shari'a, alƙali ya gudu daga gare ta, da wane baki za mu ce wa wanda ake tuhuma ya zauna ya jira ta?

Na taɓa yi wa wani dattijo tafinta a wata kotu, can baya, zamanin da ake jin tsoron magana. Duk ranar da aka kira ƙararsa, mai gabatarwa zai miƙe ya ce bincike bai kammala ba. Alƙali ba ya ko ɗago kai daga littafinsa, sai ya faɗi sabuwar rana, ni kuma in juya in ce, “Baba, an ɗaga, za a mayar da kai.” Farkon zuwansa da babbar riga ya zo, yakan riƙe hannuna ya ce, “Ɗana, ka dai gaya musu ban san komai ba ko?” Daga baya ya bar tambaya. Ya rame har da igiya yake ɗaure wandonsa, matarsa kuma na zaune a bencin baya da kwanon tuwo a ɗaure cikin kallabi, ba a barin ta ta miƙa masa. Kowa a ɗakin nan, har ɗan sandan da ke tsare da shi, ya san ba a ɗakin ake yanke maganarsa ba. Wanda ya taɓa ganin irin wannan kotu ba zai kira mai gudun ta matsoraci ba.

Mu mutanen Zangon Kumasi ma ya kamata mu fi kowa sassauci a nan. A 1957, 'yan watanni bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Lardan, jagororin jam'iyyar Musulmi ta MAP da ke tare da 'yan adawa. Suka garzaya kotu suka ce su 'yan Gana ne. Magana na gaban alƙali, majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, aka rufe bakin kotu, aka tura su Najeriya. Bayan dokar tsare mutum ba shari'a ta 1958, manyan 'yan adawar ƙasar nan biyu suka raba hanya irin yadda López da Vecchio suka raba. J.B. Danquah, shi ma lauya, ya tsaya, ya mutu a kurkukun Nsawam a Fabrairun 1965. Kofi Busia ya fice a 1959, ya zauna Holan da Ingila yana koyarwa, sai bayan juyin mulkin 1966 ya dawo. Nkrumah kansa, da abin ya juyo kansa, Konakiri ya zauna wajen Sékou Touré, bai sake taka Gana da ransa ba. Ina girmama Nkrumah ƙwarai, hotonsa na rataye a ɗakina, amma girmamawa ba ta sa in ce Danquah mutuwar da ta dace da shi ya yi. Benezuwela ma tana da waɗanda suka tsaya suka mutu a hannu: kansila Fernando Albán, da aka ce ya faɗo daga hawa na goma na ofishin 'yan leƙen asiri a 2018, da Janar Raúl Baduel, wanda ya taimaka aka maido da Chávez kan mulki a 2002, ya kuma cika a tsare a 2021. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2020 akwai dalilan yarda cewa an aikata laifukan cin zarafin bil'adama a ƙasar. A addininmu kuwa hijira ba ta taɓa zama abin kunya ba. Sahabbai sun tafi Habasha, Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu a 1804.

Yanzu ga inda nake da magana a kansa.

A Disambar 2015 'yan adawa suka ci zaɓen majalisar dokoki da kujeru 112 cikin 167. Maduro ya yi amfani da kotun ƙoli ya ɗaure wa majalisar hannu, a 2017 ya kafa wata majalisar a kanta, a Mayun 2018 ya yi zaɓen shugaban ƙasa bayan an hana manyan abokan hamayyarsa tsayawa. Da ya sha rantsuwar wa'adi na biyu ranar 10 ga Janairun 2019, majalisar ta ce a idon doka babu kowa a kujerar, ta kafa hujja da sashe na 233 na tsarin mulki. Shugabanta Guaidó, ɗan jam'iyyar su Vecchio, ya ɗaga hannu a tsakiyar taron jama'a ranar 23 ga wata ya ce shi ne shugaban riƙo. Gwamnatin Trump ta amince da shi a ranar, ƙasashe fiye da 50 suka bi sahu. Cikin mako guda aka naɗa Vecchio wakili a Washinton, a watan Afrilu ya miƙa wa Trump takardunsa na jakada.

Mutumin da ya shigo ƙasar shekara biyar baya da sammaci a wuyansa, ga shi ana tarbarsa a fadar White House. Amma wace gwamnati yake wakilta? Soja na hannun Maduro ƙarƙashin Janar Vladimir Padrino López. 'Yan sanda, tashoshin jiragen ruwa, babban banki, rijiyoyin mai, ofishin fasfo, duk haka. Ko ginin ofishin jakadancin da ke unguwar Georgetown bai iya shiga da kansa ba. Wasu Amurkawa masu adawa da yaƙi, ciki har da 'yan ƙungiyar Code Pink, suka tare a ciki da izinin ma'aikatan Maduro masu barin gado, suka yi fiye da wata guda, aka yanke musu wuta, sai da jami'an tsaron Amurka suka fitar da huɗun ƙarshe ranar 16 ga Mayu sa'annan jakada ya samu shiga. Tun ranar ya kamata kowa ya gane a hannun wa mabuɗin yake. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

An taɓa yin jakada kafin gwamnati, a nan kusa da mu ma. A ƙarshen 2010 Laurent Gbagbo na zaune daram a fadar Abijan, Alassane Ouattara na killace a otal ɗin Golf, amma Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Youssoufou Bamba a matsayin jakadan Ouattara. A Janairun 2017 Adama Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar ya sha rantsuwa, bayan kwana biyu Yahya Jammeh ya hau jirgi. Sai dai Ouattara da Barrow suna riƙe da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa da hukumar zaɓe ta bayyana, maƙwabtansu na ECOWAS kuma na bayansu, har da sojojin Gana a Gambiya. Duk da haka na Kwaddibuwa sai da ya ci rai wajen 3,000, da hannun sojojin Faransa a ƙarshe, 'yan gudun hijirarsu kuma mun gan su da idonmu a ƙasar nan. Guaidó ba wanda ya zaɓe shi shugaban ƙasa. Fassarar doka ce ta ɗora shi, da lissafin cewa soja za su juya cikin 'yan makonni. An gwada da motocin kayan agaji a iyakar Kolombiya ranar 23 ga Fabrairu, an gwada da kiran bore ranar 30 ga Afrilu a bakin sansanin soja na La Carlota da ke Karakas, soja ba su juya ba. Daga nan duk ƙarfin da ya rage wa wannan gwamnati a Washinton yake, wato a teburin Vecchio.

Kwana biyar bayan rantsuwar Guaidó Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin mai na ƙasar, PDVSA, takunkumi, Vecchio kuma na cikin masu zagaya ofisoshin Washinton suna kiran a ƙara matsa lamba. Gaskiya ɗaya ce, ba takunkumin mai ne ya fara kashe Benezuwela ba. Kafin a sa shi, babban bankin ƙasar da kansa ya lissafa hauhawar farashin 2018 a kan kashi 130,000 cikin ɗari. Mu da muka ɗanɗana kashi 54 a ƙarshen 2022, muka ga mata na dawowa daga kasuwar Kejetia da rabin abin da suka je saye, sai mu auna. Man da ake haƙowa ya riga ya faɗo daga ganga wajen miliyan 3 a rana zuwa miliyan ɗaya da 'yan kai saboda sata da rashin gyara. Wannan alhakin Chávez da Maduro ne, ba mai wanke su. Amma bayan takunkumin ya ƙara faɗowa ƙasa da rabin miliyan a tsakiyar 2020, a ƙasar da da kuɗin mai take sayo abinci da magani. Janar-janar ba su rasa abin ci ba. Lauyan haraji da ya yi aiki a harkar mai ya fi kowa sanin wa zai fara jin yunwa in aka toshe wannan famfo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wasiƙar watan Mayun 2019. Bisa umarnin Guaidó, Vecchio ya rubuta wa Admiral Craig Faller, kwamandan rundunar Amurka mai kula da kudancin nahiyar, yana neman a zauna a tsara haɗin gwiwa. Ɗan Latin Amurka da ya yi karatu har Harvard ya san Guatemala a 1954, ya san Chile a 1973, ya san Panama a 1989. Mu kuma mun san Libiya a 2011, domin samarin Zango da yawa a can suke neman abinci, wasu suka dawo da rigar jikinsu kawai, wasu har yau iyayensu ba su ga gawa ba. Lokacin da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi, sarkin Habasha, yana magana da yawun masu hijira, ga Amru ɗan Asi ya zo da kyaututtuka a mayar da su, mafaka ya nema wa mutanensa da adalcin sarki. Bai roƙi rundunar Habasha ta nufi Makka ba, ko da yake waɗanda suka kore shi su ke riƙe da garin. Wannan iyakar ce nake ganin Vecchio ya ƙetare.

Akwai wani ɗan ƙanwata da ya bi hanyar da samarinmu na unguwannin Aboabo da Asawase suka riƙa bi don zuwa Amurka: jirgi zuwa Brazil, motoci ta Peru da Ekwado zuwa Kolombiya, kwalekwale daga Necoclí, sa'annan dajin Darién da ƙafa. A 2023 ya ratsa, shekarar da mutum fiye da 500,000 suka bi dajin, fiye da rabinsu 'yan Benezuwela. Da ya fita ɓangaren Panama ya samu waya, ya turo mini saƙon murya, yana magana yana tari. Ya ce, “Kawu, akwai wata mata da muka yi tafiyar tare, nas ce a ƙasarsu, tana ɗauke da ɗanta a wuya. Garin rogona da sukari muka riƙa jiƙawa muna sha mu uku. In zan yi salla ita ke riƙe mini jaka.” Ya ce fasfonta na ƙulle cikin leda a ƙugunta, wa'adinsa ya ƙare da daɗewa, amma ta fi tsaron sa a kan takalminta. Na tambaye shi ko 'yan Benezuwelan nan suna maganar shugabanninsu. Ya ce, “Kawu, da hannu muke magana, amma in aka ambaci sunan ɗan siyasa, na gwamnati ko na adawa, tofar da yawu suke yi.” Mutum fiye da miliyan 7 suka bar Benezuwela. Waɗannan su ne jama'ar jakada, kuma da abin da ya yi musu nake auna shi.

A nan yana da abin nunawa, bai kamata a ɓoye ba. Ofishinsa bai iya buga fasfo ko ɗaya ba, tunda injin yana Karakas, amma a Yunin 2019 Amurka ta yarda ta riƙa karɓar fasfon Benezuwela har shekara biyar bayan ƙarewar wa'adinsa, bisa dokar da ɓangaren Guaidó ya fitar. Wanda bai taɓa tsayawa gaban tagar wani ofishi da takarda matacciya ba, ba zai san girman wannan ba. Mu 'yan Zango da ake duban sunanmu a ce mu kawo takardar haihuwar kaka mun sani. Ya kuma daɗe yana neman a ba 'yan ƙasarsa izinin zama na wucin gadi. Trump ya dakatar da korarsu ana gobe zai sauka a Janairun 2021, gwamnatin Biden ta ba da izinin a watan Maris, dubban ɗaruruwa suka samu damar yin aiki ba ɓuya. A 2020, lokacin korona, an biya dubban ma'aikatan lafiya na cikin gida dala 100 a wata har wata uku daga kuɗin ƙasar da Amurka ta riƙe. Da a ce a nan ya zuba duk ƙarfinsa, da ba ni da ta cewa. Amma ko wannan alheri a hannun mai masauki yake. A 2025 gwamnatin Trump ta janye izinin zaman, a watan Maris na shekarar kuma ta kwashi 'yan Benezuwela fiye da 200 ta kai su wani kurkuku a El Salvador ba tare da shari'a ba.

Yadda kujerar ta ƙare ma abin dubawa ne. An yi ta ƙorafi kan yadda gwamnatin riƙon ke tafiyar da dukiyar ƙasa da ke waje, irin su kamfanin taki na Monómeros a Kolombiya da kamfanin Citgo mai matatun mai uku a Amurka, wanda masu bin ƙasar bashi suka kai gaban kotu a Delaware don a yi gwanjonsa. Julio Borges, mai kula da harkokin wajenta, ya ajiye aiki a Disambar 2021 yana cewa a rushe ta. Ranar 30 ga Disambar 2022 'yan adawar da kansu suka kaɗa ƙuri'a suka rushe ta. A farkon 2023 ofishin Vecchio ya rufe, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta karɓi ginin ta riƙe. 'Yan Benezuwela mazauna Amurka suka wayi gari ba ofishin Maduro, ba na Guaidó. A watan Afrilu Guaidó kansa ya sauka Miami. Shekara huɗu ke nan cif na jakadanci, Maduro kuma a lokacin yana nan inda aka same shi.

A matsayina na wanda ya zauna kotu, akwai wata shari'a da ta nuna mini yadda wannan sarauta take. Alex Saab, ɗan kasuwar da Maduro ya ce manzonsa ne na musamman, an kama shi a Cape Verde a Yunin 2020. Kotun ECOWAS ta ce a sake shi, ba a sake shi ba, aka miƙa shi Amurka a Oktoban 2021. Alƙali a Miami ya ce ba shi da rigar kariyar jakada, tunda Amurka ba ta amince da gwamnatin da ta aiko shi ba. Ba wanke Saab nake yi ba, zarge-zargen da ke kansa kan kwangilolin gwamnati masu nauyi ne. Amma a duba: ɗaya gwamnatinsa na riƙe da ƙasa, aka ce shi ba jakada ba ne, ɗaya gwamnatinsa ba ta riƙe da ko ofishin 'yan sanda guda, aka ce jakada ne. A Disambar 2023 kuma Amurkan ta saki Saab a musayar fursunoni, da bukatarta ta canza.

Sojan da aka yi ta kira sun zo daga baya. Ranar 3 ga Janairun 2026 Amurka ta kai hari Karakas, ta ɗauke Maduro da matarsa zuwa New York. Wa aka rantsar? Delcy Rodríguez, mataimakiyar Maduro. Ba Edmundo González ba, wanda 'yan adawa suka wallafa takardun rumfunan zaɓe suna nuna shi ya ci zaɓen Yulin 2024, ba jagorar adawa María Corina Machado ba, da kyautar Nobel ɗinta ta 2025. Maganar da ta fi fitowa daga bakin Trump a ranakun nan maganar mai ce. Ban yi wa Maduro kuka ba, Allah ya sani, amma na ji wa nas ɗin nan da ɗanta ciwo, don ba wanda ya tambaye su.

Abu ɗaya kuma nake so mai sharhinku da masu yabon 'yan gudun hijira duk su riƙe. Busia da ya sha zaman waje shekara bakwai, ya san ɗacin zama baƙo, ya hau mulki a Oktoban 1969, a ranar 18 ga Nuwamba gwamnatinsa ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Zangunan ƙasar nan suka girgiza, mutanen da aka haifa a nan suka sayar da gidaje da kekunan ɗinki a wulaƙance suka hau manyan motoci. A 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Gana wajen miliyan ɗaya irin wannan. Saboda haka wahalar da Vecchio ya sha a 2014 ta isa a ba shi uzurin fita, amma ba ta zama shaidar yadda zai riƙe jama'a in ya samu iko ba. In ya koma gida ya nemi kujera, 'yan ƙasarsa na da haƙƙin su zaunar da shi su tambaye shi wasiƙar Faller, su tambaye shi takunkumi, su tambaye shi lissafin shekara huɗun nan dala bayan dala.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ba mai sharhin dama ya sake duba kalmar matsoraci da ya yi amfani da ita, ya karanta abin da Nieves da Tovar suka faɗa kafin ya amsa mini. Sa'annan in da hali ku turo wakilinku Kumasi. Akwai samari a Aboabo da Asawase da suka bi hanyar Darién aka dawo da su, akwai kuma waɗanda ke tara kuɗin tafiya yanzu haka, iyayensu mata na sayar da sarƙoƙinsu. A ji daga bakin waɗanda suka dawo, a buga da Hausa yadda na gida za su karanta.

Wassalam.

Naka,
Tsohon tafintan kotu,
Aboabo, Kumasi